Kwikwiyar gasa ba ragon layya ba ce

Wata Asabar cikin hunturun da ya wuce, ɗan yayata ya iso gidana a Bukuru da kwikwiya a kujerar bayan mota, da wata farar roba a hannunsa. Ko gaisawa ba mu gama ba ya ce, "Kawu, don Allah duba min ita. Anya ba a cuce ni ba? Watanta biyar amma kamar ba ta motsawa. Na wani abokina da suke sa'anni ya kusa ninka ta." Abin da ke cikin robar garin kalsiyam ne, sinadarin da ke gina ƙashi. Wani mai shago ya ce masa ya riƙa barbaɗa mata cokali biyu a abinci kullum, wai ƙashinta zai buɗe.

Labrador ce, baƙa wuluk, daga zuriyar da ake kiwo don gasar nuna karnuka. Na ɗora tafin hannu a gefen ƙirjinta, sai da na danna sosai kafin na ji haƙarƙari. Na tsaya a kanta na duba daga sama, babu alamar ƙugu, daga kafaɗa har gindin wutsiya a cike take kamar ganga. Wadda aka zo ana kukan ƙanƙantarta, ashe ƙiba ce ta yi mata yawa. Da na bi diddigi kuma, karen abokin nasa namiji ne, kuma akwai jinin wani nau'in a jikinsa.

Ban ga laifin yaron ba, domin da idon da muka gada ya dube ta. Idonmu na kiwo idon ragon layya ne: a ɗaure dabba, a ba ta dusa da harawa da ƙowa, duk wanda nasa ya fi cika ido shi ya iya kiwo. Ga rago wannan daidai ne, tunda mai shi yana da ranar da yake hari. Ita kuwa wannan dabba, a kan ƙafafun nan huɗu za ta yi shekara goma zuwa goma sha biyu tana gudu da tsalle. Ƙari a kan haka, kasuwar karnuka a Jos da Abuja ta ginu ne a kan karnukan gadi irin su Boerboel da Rottweiler da Caucasian, inda kalmomin talla ba su wuce "babban ƙashi" da "babban kai" ba. Sai aka ɗauko wannan ma'auni aka ɗora wa karen da ba don haka aka samar da shi ba.

Asalinsa karen farauta ne, amma ba irin na mafarautanmu da ke bin zomo da gada da gudu ba. Aikinsa shi ne ya zauna shiru a gefen maharbi, in an harbo tsuntsu ya je ya ɗauko, ko cikin ruwa ne ko cikin ciyawa, ya kawo ba tare da ya huda shi da haƙori ba. Kakannin Labrador karnukan masunta ne a tsibirin Newfoundland na Kanada, Turawan Birtaniya suka kai su gida suka gyara irin, ƙungiyar masu kiwon karnuka ta Ingila, Kennel Club, ta amince da shi a 1903, ta Amurka kuma a 1917. Ɗan'uwansa Golden Retriever, mai dogon gashi ruwan zinare, ya samo tushe ne a gandun Guisachan na Sikotlan, inda Lord Tweedmouth ya yi haɗin farko a 1868. Daga baya kowanne ya rabu gida biyu: na aikin daji, siriri mai dogayen ƙafafu, da na gasa, mai faɗin kai da kaurin ƙirji da gajartar ƙafa. A nan ana ce wa na gasar "na Ingila", na aikin kuma "na Amurka", ko da yake kowace ƙasa tana da duka biyun.

A gasa ba a neman wanda ya fi girma. Akwai rubutacciyar ƙa'idar siffa ga kowane nau'i, alƙali kuma yana duba wanda ya fi kusa da ita ne. Kennel Club ta ce tsayin da ake so ga macen Labrador santimita 55 zuwa 56 ne, namiji 56 zuwa 57. Ƙungiyar masu kiwon karnuka ta duniya, FCI, mai hedikwata a Beljiyam, ta ce mace 54 zuwa 56. Dukansu biyu ba su sa adadin nauyi ba. Amurkawa ne suka sassauta tsayin mace, inci 21 da rabi zuwa 23 da rabi, wato kimanin santimita 55 zuwa 60, suka kuma sa nauyi, kimanin kilo 25 zuwa 32, amma da sharaɗi mai tsauri: wadda ta zarce ko ta gaza da fiye da rabin inci, an fitar da ita daga gasar. Macen Golden a ƙa'idar Ingila santimita 51 zuwa 56 ce, a ta Amurka kuma nauyinta kilo 25 zuwa kusan 30. Wato da garin kalsiyam ɗin nan zai iya ƙara wa kwikwiya tsawo yadda mai shago ya faɗa, da fitar da ita daga layi zai yi.

Akwai wata jimla a ƙa'idar Amurka da nake so duk mai ƙaramar Labrador ya sani: mafi ƙarancin tsayin nan ba ya aiki a kan wadda ba ta cika wata 12 ba. Waɗanda suka rubuta sun san ba ta gama tashi ba. A gasannin FCI ma an ware ajin kwiyakwiyai na wata 6 zuwa 9, da ajin matasa na wata 9 zuwa 18, don kada a gwada ɗanye da nunanne.

Ranar muka auna ta yadda ya kamata. Muka tsayar da ita a kan siminti mai lebur, ƙafafun gaba a miƙe, na ɗora faifan katako a ƙololuwar kafaɗarta, daidai inda wuya ya haɗu da gadon baya, muka sa alama a bango da alli, muka ja tef ɗin tela daga ƙasa. Santimita 46. Nauyi kuwa, ya hau sikeli shi kaɗai, ya sake hawa rungume da ita, muka cire. Kilo 21. Tsayin babu abin cewa. Nauyin ne ya yi gaba da shekarunta.

Dalilin da ya sa wannan ya dame ni yana cikin yadda ƙashi ke tsawo. Dogon ƙashin ƙafar kwikwiyo ba ƙashi ne zalla ba. Kusa da kowane bakinsa akwai wani faifan guringuntsi mai taushi, daga nan ne sabon ƙashi ke fitowa yana tura tsawon gaba. Muddin faifan nan yana buɗe, dabba tana tsawo. Ranar da ya daskare ya koma ƙashi, tsawo ya ƙare, ko buhu nawa za ta ci. A irin waɗannan karnuka, mafi saurin girma yana tsakanin yaye da wata shida. A wata shida mace takan kai wajen kashi biyu cikin uku na nauyin da za ta tsaya a kai. Tsakanin wata tara zuwa shekara takan kusa cika tsayinta, faya-fayan kuma sukan gama rufewa tsakanin wata 12 zuwa 18. Abin da ya rage bayan nan shi ne cikar jiki: ƙirji ya sauko ya buɗe, kai ya yi faɗi, tsoka ta zauna. Wannan yakan kai shekara biyu, a wasu zuriyoyin gasa ma ya ɗan wuce.

Inda za ta tsaya kuwa, gado ne ya yanke. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Mai son sanin girman kwikwiyarsa ya je ya ga uwar da idonsa, ya tambayi tsayin uban da na kakanni. Yawan abinci ba ya ɗaga wannan iyaka. Abin da yake yi shi ne ya sa ta isa can da wuri, ɗauke da kaya a kan guringuntsin da bai yi ƙwari ba. Kamar a ɗora rufin kwano da katako a kan ginin da bulonsa bai bushe ba ne.

Wannan ba hasashe ba ne, an gwada shi a kan Labrador ɗin kansa. A wani bincike da kamfanin abincin dabbobi na Purina ya ɗauki nauyi a Amurka, an ɗauki kwiyakwiyai 48 tun suna mako takwas, aka haɗa su bibbiyu, 'yan ciki ɗaya masu jinsi ɗaya. Abinci iri ɗaya, sai dai ɗaya daga cikin kowane biyu ana rage masa kashi 25 cikin 100 na abin da ɗan'uwansa ya ci. Da suka kai shekara biyu aka ɗauki hoton ƙashin kwatangwalonsu: cikin 24 masu ci su ƙoshi, 16 suna da gurɗewar kwatangwalo, wato kan ƙashin cinya bai zauna daram a cikin kwaminsa ba, cikin 24 da aka rage wa, 7 ne kawai. Aka ci gaba da bin su har ƙarshen rayuwarsu, aka buga sakamakon a 2002. Matsakaicin shekarun masu ci da yawa 11.2, na waɗanda aka rage wa 13. Kusan shekara biyu ke nan, daga abin da ake zubawa a kwano kawai. Duk lokacin da na ga kare ɗan shekara shida yana jan ƙafafun baya kafin ya miƙe da safe, wannan lissafin nake tunawa.

Batun kalsiyam ya fi wannan sarƙaƙiya, shi ya sa ake yawan faɗawa ramin. Karen da ya gama girma in ya ci kalsiyam fiye da kima, hanjinsa yakan rage ɗauka, ragowar ta fita. Kwikwiyon da bai kai wata shida ba bai mallaki wannan birki sosai ba. Abin da aka zuba, mai yawa zai shiga jini. Likitocin dabbobi na jami'ar Utrecht a ƙasar Holan sun nuna haka a kan kwiyakwiyan Great Dane, wani nau'in manyan karnuka: yawan kalsiyam ya hana guringuntsi komawa ƙashi a kan tsari, gaɓoɓi suka lalace, ƙafafun gaba suka karkace. Sun kuma gwada furotin, suka ga ba shi ne mai laifin ba, saɓanin abin da har yau ake yaɗawa. Saboda haka abincin buhu da aka haɗa musamman don kwiyakwiyan manyan karnuka ya riga ya ƙunshi daidai abin da ake buƙata. Ƙara masa garin kalsiyam ko garin ƙashi na abincin kaji, garin neman ƙiba ne a samo rama.

Sai dai in na tsaya a nan ban yi adalci ba, domin a garin nan akasin haka ma yana faruwa, wataƙila ma ya fi yawa. Abincin buhu ya yi tsada, mutane da dama sun koma dafawa: shinkafa, taliya, tuwon masara, da ɗan nama ko hanta. Hatsi da tsokar nama suna da sinadarin fosfaras da yawa, kalsiyam kaɗan, alhali jiki yana son kalsiyam ya ɗan ɗara fosfaras. In aka daɗe a haka, jiki yakan koma yana zarar kalsiyam daga ƙashi, ƙashin ya yi laushi, kwikwiya ta riƙa ɗingishi, wani lokaci ƙaramin tsalle ya karya ta. Irin wannan tana buƙatar ƙarin kalsiyam, amma a kan awo, likitan dabbobi ne zai lissafa gwargwadon nauyinta da abin da ake dafa mata. Garin da ke cikin robar nan magani ne ga wata, guba ga wata, abin da ke cikin kwanon ne ke bambanta su.

Haka nan akwai ƙanƙanta ta gaskiya, wadda ba ta gado ba. Tsutsar ciki ce kan gaba: ciki ya kumbura, gashi ya yi furu-furu, kashin baya ya fito. Shi ya sa ake fara ba da maganin tsutsa tun mako biyu da haihuwa, a maimaita duk mako biyu har wata uku, sannan wata-wata har wata shida. Sai cutar gudawa mai jini ta parvo, wadda in ba ta kashe ba takan mayar da kwikwiyo baya na wani lokaci, sai kaska da cututtukan jinin da take ɗauke da su. Mu a Filato ba mu da uzurin rashin sani, ga cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a bakin ƙofarmu tun 1924, inda ake yin allurar rigakafin ciwon haukan kare.

Ɗan yayan nawa ya yi min wata tambaya mai kyau. Ya ce, "To Kawu, in ta ƙoshi me ya sa kullum take lashe kwano tana kallona?" Amsar wani ɓangare tana cikin jininta. A 2016 masu bincike na jami'ar Kambirij, ƙarƙashin Eleanor Raffan, sun gano cewa kusan ɗaya cikin huɗu na Labrador suna da naƙasa a wata ƙwayar gado mai suna POMC, wadda ke cikin masu sanar da ƙwaƙwalwa cewa ciki ya cika. Masu wannan naƙasa sun fi roƙon abinci, sun kuma fi nauyi. Don haka kwaɗayin Labrador ba shaidar yunwa ba ne. Hannu shi ne shaida. Ka shafa bayan hannunka a buɗe, ka ji yadda ƙasusuwan ke ƙarƙashin fata ba tare da sun fito ba: haka haƙarƙarinta ya kamata ya ji. In ya yi kamar gaɓoɓin dunƙulallen hannu, ta rame. In ya yi kamar tsokar tafin hannu, a rage.

Su ma masu gasar suna da nasu kason laifin, ba zan ɓoye ba. Gasar Crufts, wadda aka fara a 1891 kuma ake yi a Birmingham, ita ce madubin da kowa ke kallo. A 2015 masu bincike na jami'ar Liverpool sun duba hotunan karnukan da suka yi nasara a can cikin shekaru da dama, suka ga kimanin ɗaya cikin huɗu sun wuce kima a ƙiba, a Labrador kuwa fiye da kashi 60 cikin 100. Ƙa'ida ta ce ƙirji mai faɗi da haƙarƙari mai zagaye, amma wai daga ƙashi, ba daga kitse ba. Irin hotunan nan ne matasanmu ke gani a Facebook da Instagram suna gwada kwiyakwiyansu da su. Karyar da ke hoton ta shekara uku, tana sanye da gashin sanyin Turai mai ninki biyu, wataƙila kuma da kilo uku ko huɗu na kitse. Jos na da tudu, kusan mita 1,200 sama da teku, sanyinmu yana taimaka wa gashi, amma bai kai na can ba. A zafin Abuja kuwa, musamman watan Maris da Afrilu, gashin ciki yakan zube, cin abinci ya ragu, Golden mai cikakken tsayi ta yi kamar an rage ta.

Tsakanin wata huɗu zuwa takwas ma akwai lokacin da kowace kwikwiya ke muni. Ƙugu ya fi kafaɗa tsawo, ƙafafu zaro-zaro, kunnuwa sun fi ƙarfin kai, haƙoran nono 28 suna zuba na girma 42 suna fitowa. Tsofaffin masu kiwo ba sa yanke wa kwikwiya hukunci a wannan tsakanin.

Abin da ya keɓanta da mace shi ne jinin farko, wato karon farko da ta shiga lokacin barbara. Yakan zo tsakanin wata shida zuwa shekara, wasu su ɗan wuce. Sinadaran jinsi suna cikin abin da ke umartar faya-fayan guringuntsin nan su rufe, shi ya sa wadda aka cire wa mahaifa da ƙwai tun tana ƙarama takan yi ɗan tsawo fiye da 'yan'uwanta, da siraran ƙafafu. Binciken jami'ar Kalifoniya da ke Davis, na 2013 da 2014, ya nuna cewa yin wannan aiki kafin wata shida yana ƙara yawan ciwon gaɓoɓi, abin kuma ya fi tsanani a Golden fiye da Labrador. Wanda ba ya nufin gasa ko kiwo, ya zauna da likita su zaɓi lokaci, don barin mahaifar har tsufa ma yana da nasa haɗarin na ruɓewa. Amma abin da ya fi ci min rai shi ne masu kai karya barbara a jinin farko don su mayar da kuɗinsu da wuri. Yarinya ce, ƙashinta bai rufe ba, za ta raba abin da take ginin jikinta da shi da 'ya'ya bakwai ko takwas. Kennel Club ba ta yi wa 'ya'yan rajista in uwar ba ta cika shekara ɗaya ba lokacin barbarar, ba ta kuma karɓar fiye da haihuwa huɗu daga uwa ɗaya. Hoton ƙashin kwatangwalo ma, wanda ya kamata a ɗauka kafin a yanke shawarar kiwo da ita, a tsarin Birtaniya sai ta cika wata 12, a na Amurka sai wata 24.

Saura motsa jiki, shi kuma ba shi da wuya. Wani bincike a ƙasar Norway da aka buga a 2012 ya nuna hawa da saukar matattakala kullum kafin wata uku yana ƙara haɗarin gurɗewar kwatangwalo, sakin kwikwiyo ya yi wasansa a ƙasa mai laushi kuma yana rage shi. A gidajenmu na yanzu ni tayil na fi tsoro: ƙafafun baya suna zamewa suna buɗewa sau ɗari a rana. Buhu ko tsohuwar darduma a inda take kwana da cin abinci ya wadatar. A bar jan ta gudu a kan kwalta da tsalle daga bayan mota sai ta shekara.

Robar kalsiyam ɗin tana nan a kan kantata, ba a buɗe ta ba. Mun rage mata abinci kaɗan-kaɗan, muka mayar da shi awo da kofi sau uku a rana, daga baya sau biyu, aka hana yaran gida jefa mata ƙosai. Na sa ya sayi ƙaramin littafi yana rubuta nauyi da tsayi duk farkon wata, kamar katin awon jarirai, don layin da awon ke bi ya fi awon rana ɗaya faɗin gaskiya. Shekaranjiya ya turo min na wannan watan: watanta goma sha ɗaya, santimita 54, kilo 26, ƙugu ya fito, jinin farko ya zo ya wuce. Ya ce mutum biyu sun riga sun kira shi suna tayin namiji. Na ce ya gaya musu sai baɗi, bayan an ɗauki hoton ƙashin.